Zinariyar Tsohon Birnin Gwari: Abin da Dutse Ya Nuna da Abin da Ba a Auna Ba

A watan Afrilun 2016, a taron zuba jari na farko da gwamnatin Jihar Kaduna ta shirya, gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya shaida wa mahalarta cewa zinariyar da ke kwance a Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari kaɗai ta fi ta Afirka ta Kudu yawa. Jaridu suka ɗauka, maganar ta bazu, har yau kuma ana maimaita ta duk lokacin da hira ta biyo ta kan arzikin da Allah ya binne a ƙasar Arewa. Kusan shekara 80 kafin wannan taro, Turawan da suka yi haƙa a kusa da Tsohon Birnin Gwari sun bar lissafin abin da suka samu, kuma abin da ya shiga littafin gwamnati a shekarun 1930 oza 600 ne da ɗoriya, wato ƙasa da kilo 20. Afirka ta Kudu kuwa a shekarar 1970 kaɗai ta fitar da tan 1,000, sannan filinta na Witwatersrand ya ba da fiye da tan 40,000 tun daga 1886. Maganar gwamna ta zarce abin da hujja za ta iya ɗauka. Shi ma lissafin Turawan bai isa ya zama ma'aunin wurin ba, domin abin da mutane ƙalilan suka tono ne da kayan aiki marasa ƙarfi, a saman ƙasa, cikin 'yan shekaru. Wanda yake son ya san abin da ke wurin sai ya fara da dutsen da zinariyar take ciki.

Tsohon Birnin Gwari yana arewa maso gabas da garin Birnin Gwari na yanzu, ta wajen hanyar Funtuwa, a kan tsofaffin duwatsun da suka zama harsashin yawancin arewa maso yammacin Nijeriya. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan dunƙulen tsohuwar ƙasa guda uku, na Afirka ta Yamma da na Kwango da na Sahara, suka matso juna, tekun da ke tsakaninsu ya rufe, duwatsun da aka matse a tsakiya suka nannaɗe, suka gasu, wasu ma suka narke. Masana kimiyyar ƙasa suna kiran wannan al'amari Pan-Afirka, kuma sawunsa ya taso tun daga tsaunukan Hoggar a Aljeriya, ya ratsa Azbin da Nijeriya, ya ɓulla a arewa maso gabashin Barazil, wadda a wancan zamani take manne da Afirka. Narkakken dutsen da ya kutso a lokacin shi ne ya daskare ya zama manyan duwatsun giranayit masu santsin kai da matafiyi yake gani a hanyar Zariya da Funtuwa da Gusau.

A cikin wannan harsashi akwai wasu dogayen zirare da suka miƙe daga arewa zuwa kudu, yawancinsu a yammacin ƙasar, waɗanda asalinsu laka ne da yashi da aman dutse da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, daga baya zafi da matsi suka mayar da su dutse mai falle-falle da ake kira shist, ko ɗan'uwansa mai laushi da sheƙi, filayit. Kowane ziri an sa masa sunan wani gari da ke kansa: Zuru, Anka, Maru, Wonaka, Birnin Gwari, Kushaka, Ƙaraukarau, a kudu kuma Ilesha da Egbe-Isanlu. Kusan duk zinariyar da aka taɓa samu a Nijeriya daga waɗannan zirare ta fito, ko daga rafukan da suka ratsa su. Ma'adinin Tsohon Birnin Gwari yana kan zirin Kushaka, wanda ya ƙunshi filayit mai baƙin girafayit, irin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi, da shimfiɗun dutse masu tama, da baƙaƙen duwatsun da asalinsu aman wuta ne. Zirin Kushaka ya fi maƙwabcinsa na Birnin Gwari shan naɗi da murɗa, wannan ne ma ya sa wasu masana, irin su Norman Grant da D. C. Turner, suka ɗauka ya girme shi.

Shekarun waɗannan zirare batu ne da masana suka daɗe suna saɓani a kansa. Wasu sun ce kimanin shekara miliyan 1,100, wasu sun ce sun kai miliyan 2,000, wasu kuma suna ganin ba su girmi Pan-Afirka da yawa ba. Saɓanin yana da nauyi a kasuwa, saboda manyan ma'adinan zinariya na Afirka ta Yamma duk suna kan wani rukunin duwatsu ne da ake kira Birimiyan, mai shekara kusan miliyan 2,100, wanda ya shimfiɗa a Gana da Burkina Faso da Mali da Gini, har ya leƙo yankin Liptako a yammacin Nijar, inda aka buɗe ma'adinin Samira a 2004. Filayen zinariyar da suka yi suna a tarihi, Bambuk da Bure da ƙasar Akan, wadda fataken Hausawa suka riƙa kusantarta ta hanyar Gwanja, duk a kan Birimiyan suke. Obuasi ta Gana kaɗai ta ba da fiye da oza miliyan 30 tun daga 1897. Idan ziraren Nijeriya 'yan'uwan Birimiyan ne da Pan-Afirka ta sake dafawa, to akwai dalilin sa rai da babban abu. Idan kuwa daban suke, sai a auna su da kansu, a daina jingina su da arzikin Gana. Witwatersrand kuma wani abu ne can dabam, domin tsakuwar tsofaffin koguna ce mai shekara kusan miliyan 2,900 da ta daskare da zinariya a cikinta, kuma ba ta da dangi a duwatsun Birnin Gwari.

Abin da aka fi yarda da shi shi ne lokacin da zinariyar kanta ta shiga dutsen, wato ƙarshen Pan-Afirka, bayan naɗi da gashi sun lafa, sa'ad da ɓawon ƙasa ya fara tsagewa. Manyan tsagogi biyu suka keta yammacin Nijeriya. Ɗaya ta bi ta Anka da Yawuri zuwa Iseyin, ɗayar kuma ta taso daga Kalangai, ta bi ta Zungeru, ta gangara har Ifewara a ƙasar Yarbawa, kuma a jikin wannan ta biyun Tsohon Birnin Gwari yake. A can ƙasa, nisan kilomita da dama, duwatsun da ke gasuwa suna sakin ruwa mai zafin da ya kai digiri 250 zuwa 400, mai ɗauke da iskar kabon da farar wuta da narkakken farin dutse, kuma farar wutar ce take riƙe zinariya a narke. Ruwan yakan bi tsaga ya hau. Duk inda ya tarar da wuri ya buɗe matsi ya ragu farat ɗaya, ko ya haɗu da dutse mai tama ko girafayit da zai ƙwace masa farar wutar, sai ya kasa riƙe abin da ya ɗauko, farin dutse ya daskare ya cike tsagar, zinariya ta zauna a cikinsa ko a jikin ma'adinan farar wuta da suka tsiro tare da ita. Wannan farin dutse da ya cike tsaga shi ne jijiyar da masu haƙa suke bi. Abin lura shi ne ba a cika samun zinariya a tsakiyar babbar tsaga ba, an fi samunta a ƙananan rassan da suka fita daga jikinta da kuma ƙusoshin da dutse ya lanƙwashe, domin a nan ne wuri ya fi buɗewa.

Haka lamarin yake a Tsohon Birnin Gwari. Jijiyoyin ba babbar jijiya guda ba ce, tarin ƙanana ne da siraran zare na farin dutse da suka kutsa cikin baƙin filayit, suna bin lanƙwasar dutsen, kuma an bi sawunsu tsawon kimanin kilomita 7. Wanda ya ɗauki guntun jijiyar daga ƙasan rami zai ga farin dutse mai baƙaƙen zane na girafayit da ya ɓalle daga bangon tsagar, da ƙwayoyi masu ruwan tagulla na fayirayit, ma'adinin tama da farar wuta wanda yakan ruɗi baƙon haƙa ya zaci gwal ne. Fayirayit shi ne babban abokin zaman zinariyar wurin, sai ɗan abin da ba a rasa ba na ma'adinan tutiya da tagulla da arsanik, wani sinadari mai guba. Samfuran da aka gwada sun nuna daga giram 5 har zuwa giram 100 a tan guda na dutse. Dutsen da kowa yake takawa ba ya wuce giram 1 zuwa 4 a cikin tan 1,000, saboda haka ko ƙaramin adadin nan ya nuna zinariyar ta taru ninki fiye da dubu. Zinariyar Tsohon Birnin Gwari gaskiya ce, babu masanin da yake musun haka.

Sai dai tazarar da ke tsakanin 5 da 100 ita ce matsalar irin wannan ma'adini. Zinariya a jijiyar farin dutse ba ta bazuwa daidai. Lamarinta kamar tsokar nama ce a babbar tukunyar miya: ludayi ɗaya ya fito da tsoka biyu, goma su fito babu ko ɗaya, kuma wanda ya ɗanɗana ludayin farko kaɗai zai ba da labarin da ba shi ne na tukunyar ba. Samfurin da aka tsinta da hannu, aka zaɓe shi don ya fi kyau, yana iya nuna giram 100 alhali taku biyar daga wurin babu ko giram guda. Ga misali don a ga yadda lissafin yake. A ce jijiya tana da kaurin mita 1, tsawon mita 500, zurfin mita 100, kuma matsakaicin abin da ke cikinta giram 8 ne a tan. Dutsenta zai kai tan 135,000, zinariyarta kuma kilo 1,080, wato kusan oza 35,000. Wannan dukiya ce babba ga gari da masarauta, amma sai an tara irinta fiye da 900 kafin a kai abin da Afirka ta Kudu ta fitar a shekara guda ta 1970.

Akwai wani abu kuma da yake ruɗin ido, wato aikin ruwan sama da rana. Shekaru miliyoyi na damina da rani sun ruɓar da saman dutsen zuwa zurfin mita da dama. A wannan sashe fayirayit ya yi tsatsa ya narke, ya bar farin dutse mai ramuka-ramuka da jan ƙura, zinariyar da ke kulle a cikinsa ta kuɓuta, wani lokaci ma ta sake taruwa ta fi yadda take a asali. Abin da zaizaya ta kwashe ya gangara rafi, kuma da yake zinariya ta fi farin dutse nauyi ninki 7, sai ta nutse ta maƙale a ƙarƙashin tsakuwa da cikin tsagogin kan fa, yashi ya wuce. Shi ya sa wanda ya fara zuwa yake samun mai sauƙi da diga da shebur da faranti, ya ɗauka haka abin yake har ƙasa. Da an wuce ruɓaɓɓen sashen an tarar da ɗanyen dutse, sai aikin ya canza gaba ɗaya.

Tarihin binciken ya fara ne da zuwan Turawa. Tsakanin 1904 da 1909 gwamnatin mulkin mallaka ta gudanar da binciken ma'adinai na Arewacin Nijeriya, wanda J. D. Falconer ya yi fice a cikinsa, amma hankalin kowa a lokacin yana kan kuzar Jos. An fara rubuta fitar zinariya a hukumance a 1913, aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa a 1919, duk da haka harkar ba ta yi ƙarfi ba sai da tattalin arzikin duniya ya karye. Farashin kuza ya faɗi, Birtaniya ta raba fam ɗinta da zinariya a watan Satumban 1931, sannan a farkon 1934 Amurka ta ɗaga farashin oza daga dala 20.67 zuwa dala 35. Nan take rafukan da a da ba su biyan wahala suka zama abin nema. Ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun Turawa suka bazu a lardunan Neja da Zazzau da Sakkwato, suna ɗaukar lebura suna wanke tsakuwa a Minna da Birnin Gwari da Malele da Bin Yawuri.

Waɗannan mutane neman abin da zai mayar musu da kuɗinsu cikin damina ɗaya ko biyu suke yi, auna ma'adini bai dame su ba. Mafi yawan zinariyar da Nijeriya ta fitar a wancan zamani daga rafi aka wanke ta. Inda suka bi rafi har ya kai su ga jijiya, kamar yadda ya faru a Tsohon Birnin Gwari, sai su cinye ruɓaɓɓen samanta, su tsaya inda ruwa ya fi ƙarfin famfonsu ko dutse ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Oza 600 ɗin nan shaida ce a kan jarinsu da haƙurinsu fiye da yadda take shaida a kan dutsen. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa harkar. Bayan Japan ta kama Malaya, ƙasar da ke samar da kuza mai yawa, Birtaniya ta matsu da kuza, daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutane aikin dole zuwa Jos, kayan aiki suka yi wuya, ramukan zinariya suka zama kufai. Bayan yaƙi farashi yana nan a dala 35 alhali kuɗin aiki ya hau, saboda haka babu wanda ya dawo.

Abin da ya rage daga wancan zamani mai amfani shi ne rubutun ma'aikatan Hukumar Binciken Ƙasa. A 1957 aka wallafa rahoton W. Russ a kan duwatsun wasu sassan lardunan Neja da Zazzau da Sakkwato, wanda ya mayar da hankali a kan wuraren da zinariya take, a 1963 kuma Truswell da Cope suka fitar da nasu a kan sassan Neja da Zazzau. Har yau duk ɗalibin da zai yi nazari a yankin da waɗannan yake farawa. To amma an riga an samu man fetur a Oloibiri a 1956, idon gwamnati ya koma can. Kamfanin Haƙar Ma'adinai na Nijeriya da aka kafa a 1972 ya koma kan tsofaffin wuraren zinariya a shekarun 1980, ya yi aiki a wurare irin su Maru da Iperindo, sai dai ƙarancin kuɗi da rashin ɗorewar manufa sun hana shi kai ko ɗaya ga zama ma'adini mai aiki. Jami'a ce ta riƙe zaren. Farfesa Ibrahim Garba na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama shugabanta, ya yi nazarin sinadaran jijiyoyin Bin Yawuri da Tsohon Birnin Gwari a farkon shekarun 2000, ya nuna cewa duk da bambancin duwatsun da suke ciki, zinariyar waɗannan wurare 'yan gida ɗaya ce, ta ƙarshen Pan-Afirka, kuma tsagogi ne suka tsara mazauninta. Irin wannan aiki yana faɗa wa mai nema inda ya kamata ya duba da dalilin haka. Tan nawa ne a ƙasa kuwa, wannan tambaya ce da kuɗin jami'a ba ya iya amsawa.

A halin da ake ciki, mutanen gari ne suka ci gaba da binciken da ƙarfinsu. Da farashi ya haura dala 1,000 a 2008, ya kusa 1,900 a 2011, sai haƙar gargajiya ta cika dazuzzukan Zamfara da Neja da Kaduna da Kebbi. Wurin haƙa na Kwaga masu haƙar gargajiya ne suka gano shi, ta hanyar bin sawun jijiyoyin tsohon ma'adinin Turawa zuwa gaba. A ganina ba a ba wannan ilimi haƙƙinsa ba. Mutumin da ya shekara goma yana shiga rami ya san launin ƙasar da ke nuna an kusa, ya san inda jijiya take tsukewa da inda take buɗewa, kuma jerin ramukansu taswira ce da babu kamfanin da zai zana irinta da arha. Illar ita ce babu mai rubuta abin da ya fito daga kowane rami, zinariyar tana bin hannun dillalai ta fice ba tare da lissafi ba, ramukan suna rubzawa suna binne shaidar, wani lokaci har da mutanen da ke ciki. Ƙasar da aka tona aka watsar kuma takan gurɓata samfurin duk wanda zai zo gwaji daga baya.

Gwamnati ta yi nata yunƙurin. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tsara lasisi, ta ba mai bincike damar riƙe fili har murabba'in kilomita 200 na shekara 3, da sabuntawa sau biyu na shekara bibbiyu. Tsakanin 2003 da 2010 kamfanin Fugro ya yi shawagi da jirage a kan yawancin ƙasar, yana auna maganaɗisun duwatsu da tururin da suke fitarwa, a layuka masu tazarar mita 500, daga tsayin mita 80. A 2018 aka soma shirin bincike na ƙasa da ake kira NIMEP, kuma zinariya tana cikin ma'adinan da ya sa a gaba. Waɗannan bayanai suna da daraja, amma ya kamata a san iyakarsu. Na'urar da ke cikin jirgi ba ta ganin zinariya. Tsagogi take nunawa, da iyakokin duwatsu, da wuraren da ruwan zafi ya canza su. Jijiya mai kaurin mita guda tana iya ɓuya sarai tsakanin layi da layi. Duk wanda ya ce hoton jirgi ko na tauraron ɗan'adam ya tabbatar da adadin zinariya, ya faɗi abin da na'urar ba ta iya yi.

Hanya ɗaya ce ake sanin adadi, ita ce huda ƙasa. Bayan an gwada yashin rafi da ƙasar sama, an yanka dogayen ramuka a gicciye, sai a kawo injin huda mai baki da lu'ulu'u, ya shiga a karkace ya ratsa jijiyar a zurfin mita 50, da 100, da 200, ya fito da dutsen a mulmule. A jera shi cikin akwatuna, a auna, a tsaga shi biyu, a aika rabi ɗakin gwaji a narka da wuta, a ajiye rabi don mai son tantancewa. Sai an yi haka sau da dama, rami kusa da rami, sannan ƙwararren da zai sa hannu da sunansa ya fitar da adadi bisa ƙa'idar da bankuna suka yarda da ita, kamar JORC ta Ostireliya ko takwararta ta Kanada. Segilola, wurin haƙar zinariya a Jihar Osun, ta nuna tsawon wannan hanya, kuma tana kan kudancin tsagar nan da ta ratsa Birnin Gwari. An san jijiyarta, wadda ke Iperindo, tun shekarun 1940, kamfanin gwamnati ya bincike ta a shekarun 1980, wasu kamfanoni suka karɓa suka huda suka bari, har kamfanin Thor Explorations ya saye ta a 2016. Ya kammala nazarin riba a 2019, da tabbacin kimanin oza 400,000 a kan giram 4 a tan, ya narka zinariyar farko a watan Yulin 2021, a 2022 kuma ya fitar da kusan oza 98,000. Abin da Turawa suka tara a Tsohon Birnin Gwari cikin shekaru, Segilola tana fitar da shi cikin kwana uku, duk da haka a ma'aunin duniya ita ma ƙaramar ma'adini ce.

Ko an huda an samu adadi mai kyau, da sauran tambaya a kan ɗanyen dutsen da ke ƙasa. Zinariyar da ke kulle cikin fayirayit ko ma'adinin arsanik ba kullum take fita da niƙa da ruwan sayanayid, sinadarin da ake narkar da zinariya da shi, ba. Girafayit ɗin da ya taimaka wajen zaunar da ita tun farko yana iya zama cikas a masana'anta, domin wani nau'in baƙin kabon yakan tsotse zinariyar da ta narke ya tafi da ita cikin shara. Obuasi, wadda ita ma jijiyoyinta suke cikin dutse mai girafayit, sai da ta gina masana'anta ta musamman a shekarun 1990 inda ƙwayoyin bakteriya suke cinye ma'adinan farar wuta kafin a iya cire zinariyar. Babban ma'adini yana iya ɗaukar irin wannan kuɗi, ƙarami ba ya iyawa, saboda haka gwajin yadda dutsen yake sakin zinariyarsa yana da muhimmanci daidai da gwajin yawanta.

Sanin ma'adinan da ke tare da zinariya batu ne na rai kuma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda jijiyoyin can suna da dalma mai yawa, aka riƙa kai dutsen cikin gida ana daka shi a turmi ana niƙa shi a injin hatsi, yara suna wasa cikin ƙurar. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka rasu. Jijiyoyi biyu suna iya kama da juna a ido, ɗaya tana da dalma ɗaya tana da arsanik, kuma gwaji mai sauƙin kuɗi zai bambance su kafin a kai dutsen inda mutane suke kwana. Ga kuma zaibar da ake kama gwal da ita a ƙona ta a fili, da ƙurar farin dutse da ke cin huhun masu niƙa a hankali.

Duk wannan aiki yana bukatar zaman lafiya, shi ne kuma abin da Birnin Gwari ta rasa shekara da shekaru. Dazuzzukan Kamuku da Kuyambana sun zama mafakar 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, garuruwa da dama suka watse. Injin huda yana bukatar wata da watanni a wuri guda, da ruwa da man dizal da ma'aikata masu kwana a daji, kuma babu kamfanin da zai kai su inda za a sace su. Haƙar da ba ta da rajista kuwa ba ta tsaya ba, sai ma ta zama abin da mai bindiga yake karɓar rabo a kai. Sulhun da gwamnatin jihar ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwanni, amma mai zuba jarin da zai jira shekara 7 ko 10 kafin ya ga riba yana duban abin da ya fi shekara guda ta sauƙi.

Idan aka haɗa abin da dutsen ya nuna, siraran jijiyoyi masu yawa a tsawon kilomita 7, daraja mai hawa da sauka, ruɓaɓɓen sama da aka riga aka ci da yawansa, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne jerin ƙananan aljihu masu kyau, waɗanda wasunsu za su iya zurfi, domin irin wannan zinariya an san ta da bin tsaga zuwa ƙasa sosai. Wannan ya fi dacewa da ƙaramin ma'adini na ƙarƙashin ƙasa, ko ƙungiyoyin masu haƙa da ke riƙe da lasisin ƙaramar haƙa, wanda doka ta ba shi har murabba'in kilomita 3, suna kai dutsensu wurin niƙa guda da ke nesa da gidaje. Aikin da ke gaba sananne ne, kuma bai fi ƙarfin jiha ba: a zana taswirar ramukan da ke akwai tare da masu su, a tattaro sakamakon duk gwajin da hukumomi da masu lasisi suka taɓa yi a fito da shi fili, sannan a jera ramukan huda a ƙarƙashin tsohon ma'adinin da Kwaga, a wallafa abin da kowane rami ya nuna, har da waɗanda suka fito babu komai.